Kofur Ya Kasa Tashi

Kafanchan, bayan kasuwar hatsi

Baiwata Martina,

Gaisuwa mai yawa daga ubangidanki Mijinyawa, ɗan kawunki, wanda kika gudu kika bari babu mai share masa ɗaki. Ina fata kina lafiya, kuma sistocin Kujama ba su aske miki kai ba tukuna. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Alhaji ta yi sauƙi, har ya koma shago yana zagina, kin ga lafiya ta samu ke nan.

Tunda sun karɓe wayarki sun kulle, dole na koma takarda. Ki yi haƙuri da rubutun. Allo na yi, bokon nan a jikin buhunan taki na tsince shi. Yakubu direba zai riƙa miƙa wa mai gadinku idan zai wuce Kaduna.

Gwaggo ta tafi Legas wankan jegon yayarki Rosemary, ta garƙame gidanku na Kagoma, kuma yadda na ga ta ɗaure har da turmi, ba na jin za ta dawo bana. Kafin ta hau mota ta sauke mini dukiyarki a ƙofar gida: karenki Kofur, da tsohuwar kyanwarku, da 'ya'yanta a kwali. Alhaji ya leƙo ya ce, "Kyanwoyi su shigo. Kare kuwa, ko inuwarsa kada in gani." Sai na kai shi sito inda muke tara masara. Yanzu shi ne mai gadi, ni ne yaronsa.

Amma Martina, me ya sa ba ki faɗa mini karen nan ba ya jin Hausa ba? Na ce zo, ya kalle ni. Na ce zauna, ya yi hamma. Na gwada duk Turancin da na mallaka, ya juya mini baya. Ashe da yaren Kagoma marigayi Baba Obadiah ya rene shi. Duk yini yana can saman buhuna yana leƙen hanya ta taga kamar wanda ya ba da sautu.

Mai naman karen nan na bayan tasha ya zo wucewa ya gan shi, ya tsaya ya daɗe yana haɗiyar miyau. Na ce masa ya dawo ranar da kika yi mini rashin kunya.

Cika-ciki ya kusa. Na san kina can kina sa rai da sharar da ɗan namiji yake ba 'yar mace. Kada ki wahalar da kanki. Na tanadar miki abin da ya fi na bara.

Ubangidanki,
Mijinyawa

Kujama

Mijinyawa sarkin ƙarya,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Na gode wa Allah da Kawu ya samu sauƙi, ka gaishe shi, ka gaida Inna. Ina lafiya, gashina ma yana lafiya, sai dai tashin asuba da muke yi kamar ku.

Wace ce baiwarka? Kai da ko sau ɗaya ba ka taɓa ba ni shara ba, kowace shekara ƙarya kake ba ni a madadinta. Ta bara ban manta ba. Ka aiko cewa iska ta kwashe rufin gidanmu, na baro Jos a guje ina kuka a mota, na zo na tarar da kai a ƙarƙashin rufin kana shan kunun Mama. Bana ko ka ce Kafanchan ta nutse, ina nan zaune.

Ba ni da halin yawo ma. Hutu ɗaya tak ake ba mu, na 'yan kwanaki, kafin mu shiga shekarar kulle. Idan an shiga, ba fita, ba baƙo, wasiƙa ma sai ƙarshen wata Babbar Sista take raba mana. Ina ajiye hutun nawa ko Mama za ta dawo.

Zancen Kofur, abeg ka bar wasa. A cikin hularsa Baba ya kawo mini shi yana ɗan kwikwiyo. Duk abin da ya iya, Baba ne ya koya masa, kuma idan na yi masa magana da yarenmu ya ɗaga kunne, ji nake kamar Baba yana tsakar gida yana wasa fartanya. Ka jiƙa masa tuwo da romo, haƙoransa sun gaji. Hawan buhunan nan kuma ka hana shi, ba yaro ba ne.

Kyanwoyin, na yi magana da Mama kafin in taho, ba za ta iya da su ba. Ka nema musu gida. Amma ban da masu shagon da za su kulle su da yunwa wai don su kama ɓera. Ka shiga gidan da ƙafarka, ka ga ko akwai yara masu jifa.

Idan mai naman nan ya sake kallon karena, kai zan sayar masa.

Taubashiyarka,
Martina

Kafanchan, ranar Cika-ciki

Martina,

Muna gaisuwa, mutanen gida duk lafiya. Wanda ba shi da lafiya Kofur ne.

Jiya da safe na buɗe sito ban gan shi a saman buhuna ba. Yana ƙasa, yana jan gindi, ƙafafun baya suna biye da shi kamar na aro. Da ya gan ni ya yunƙura, gaba ta tashi, baya ta ƙi. Na hana shi hawan nan kamar yadda kika ce, amma da Hausa na hana shi.

Kafin in juya 'yan dako sun cika ƙofa. Wannan ya ce haukan kare ne, a ɗauko taɓarya. Wancan ya ce jifa aka yi wa Alhaji ta sauka a kan kare, har yana yi mana barka. Na kore su, na shimfiɗa buhu a baro, na ɗora shi, na tura shi tun daga kasuwa har wurin Dakta Zamani, likitan dabbobi na hanyar Kagoro. Ki hango ni, ɗan Alhaji, da hula da carbi, ina tura kare a baro kamar ango. Babu mai shagon da bai fito ba.

Dakta ya ce ba hauka ba ne, da hannunsa ya yi masa rigakafi a Kagoma. Ya ce ƙashin baya ne, wani abu ya goce ya danne laka, wataƙila garin dirowa. Ya ɗauko wani ɗan ƙarfe ya matse masa yatsan ƙafar baya, Kofur ya juyo ya kai masa cizo. Sai Dakta ya yi murna. Wai tunda yana jin zafi akwai sauran rabo. Ban taɓa ganin mutumin da aka kusa ciza yana godiya ba.

Ya yi masa allura, ya ba ni ƙwayoyi. Amma ya ce babban maganin shi ne kwanciya. A sa shi a wuri ƙarami, kada ya motsa, a riƙa juya shi, a riƙa matsa masa mara don ba ya iya fitsari da kansa. To a nan matsalar take. Kofur ya ƙi kwanciya. Na haɗa masa keji da katako, ya kwana yana tura shi da ƙirji yana neman ƙofa. Ya ƙi cin komai. Marar kuwa ko kusa ba ya bari in je. Na ɗauko wata 'yar Kagoma mai sayar da doya ta yi masa yare, ya saurara, ya shinshina ta, ya kau da kai. Dakta ya ce duk jan jikin da ya yi ƙara ɓata lakar yake, a nemo wanda yake jin maganarsa tun wuri.

Na kira lambar gidanku da aka ce ta gaggawa ce. Wata sista ta ce, "Wa ya rasu?" Na ce babu, kare ne. Sai ta ce in rubuto wasiƙa. Gwaggo kuma ta ce, "Mijinyawa, jariri nake wa wanka."

Ki karɓi hutun nan ki zo, baiwata. Ubangidanki ne yake roƙo, abin kunya.

Mijinyawa

Kujama

Mijinyawa,

Gaisuwa cikin Ubangiji. Ina lafiya, sai ciwon ciki da ka sa mini don dariya.

Gaskiya bana ka yi ƙoƙari. Baro! Da carbi! Na karanta wa 'yan ɗakinmu a wurin wanki, Joanna har ta zauna cikin kumfa. Inda ka fi burge ni shi ne likitan da yake murna da cizo. Har sista ka ƙirƙiro a waya, kai ko tsoron Allah babu.

Ba zan ɓoye maka ba, da farko gabana ya faɗi. Sai na ga ka rubuta ranar Cika-ciki a sama da hannunka, kai da ka ce ka tanadar mini abin da ya fi na bara. Duk da haka na sake karantawa daga sama har ƙasa ina neman abu ɗaya. Tun muna yara, idan ka shirya ƙaryarka na ce, "Ce wallahi," sai ka fashe da dariya ka gudu, don ba ka rantsuwa a kan ƙarya. Na duba ko'ina, babu rantsuwa ko ɗaya. Na kama ka, malam.

Yakubu ya ce motarsa ta kwana biyu a gareji a Kachia, shi ya sa takardarka ta makara. Da ma ba ta zo ba gaba ɗaya.

Hutun da kake so in ƙona a banza ma babu shi. Mama ta aiko cewa sai Kirsimeti, baban Joanna kuma yana asibiti, sai na roƙi Babbar Sista ta ƙara mata da nawa. Ranar Lahadi za mu shiga kulle. Ka yi mini addu'a irin taku, ni ma ina yi maka irin tamu, ko Allah zai shirye ka.

Ga gyaɗar gonarmu nan na ba Yakubu. Ka ga baiwa tana ba ubangida shara, duniya ta juya. Ka shafa mini kan Kofur. Yaya kyanwoyi?

Martina

Kafanchan

Martina,

Wallahi tallahi Kofur ya shanye. Wallahi babu wasa a ciki. Ga ta nan, na rubuta.

Ba ki taɓa lura ba ko? Ki ɗauko wasiƙun da na aiko miki, ba za ki ga sunan Allah ko a wuri ɗaya ba. Malaminmu ya yi mana dukan tsiya a kan wannan. Ba a rubuta sunan a takardar da za a cusa ƙarƙashin kujerar mota, a taka, ko a ƙulle ƙosai da ita. Ban taɓa kawo wa raina cewa shi za ki nema ba. Wannan na naɗe ta a leda, na sa Yakubu ya yi alkawari a aljihun gaba za ta zauna. In kin gama karantawa ki adana ta ko ki ƙona, kada ki yar.

Na karanta taki a tsaye a tasha. Yakubu yana miƙo mini gyaɗa yana cewa kin ce a gaishe da sarkin ƙarya, ni kuwa na kasa ko yi masa murmushi.

Yanzu Kofur yana bari in taɓa shi, ba don ya yarda da ni ba, don ƙarfi ya ƙare. Ina matsa masa mara safe da yamma, ina juya shi, ina ɗura masa romo da sirinji. In na gama in wanke hannu, in canza riga, in tafi masallaci, liman yana kallona ta gefen ido. Shekaranjiya Alhaji ya shigo sito auna masara ya tarar da ni a durƙushe. Na jira faɗa. Ya tsaya ya kalli karen, ya fita, sai ga shi ya aiko da tsohon bargonsa.

Jiya Dakta ya zo da kansa a babur. Ya matse yatsan da ƙarfen nan har ni na runtse ido. Kofur bai ko waiwaya ba. Dakta ya ce, "Ɗan Alhaji, ka fara tunani." Na ce tunanin me? Ya ce akwai allurar da take sa su barci ba su farka ba. Na ce ba karena ba ne, mai shi tana Kujama. Ya ce to a tambaye ta da sauri, don yana tsoron abin yana hawa sama.

Kin tambayi kyanwoyi. Baƙar na ba Zamzam matar tela, na shiga gidan, yaranta manya ne. Mai ɗigo-ɗigon tana gidan Malama Caroline ta firamare, har gado ta yi mata da kwando. Wani mai shagon fulawa ya nemi sauran, na tambaye shi me zai riƙa ba su, ya ce ai ɓera ya wadata, na ce ya tafi. Inna ta riƙe su. Uwar ta ƙi zaman gida, kullum tana sito kwance a jikin ƙafafun Kofur, ƙafafun da ba ya jin ta.

Yau Asabar. Idan wannan ta same ki kafin a rufe, ki nemi alfarma ko ta yini ɗaya ce. In ba ta yiwu ba, ki rubuto abin da zan ce wa Dakta.

Mijinyawa

Kujama, ƙarshen wata

Ɗan'uwana Mijinyawa,

Yau aka raba mana wasiƙu. Mai gadi ya ce ranar Lahadin da yamma Yakubu ya kawo ta, mu kuma tun bayan sujadar safe aka rufe. Duk makonnin nan tana cikin akwatin Babbar Sista, ina wucewa ta ƙofar ofishin kullum da tsintsiya.

Da na ga leda na san ba lafiya. Na karanta layin farko na zauna a ƙasa.

Ka yafe mini. Na tsaya a wurin wanki ina karanta ciwon karena ana dariya, ni ce ma na fi kowa. Na je wurin Babbar Sista da kuka. Ta riƙe hannuna, ta yi mini addu'a, ta ce idan na fita yanzu shekarar ta karye, sai dai in sake daga farko tare da 'yan baya. Na kwana ina tunani. Ban iya ba, Mijinyawa. Kada ka ƙi ni.

Amma ina roƙon ka da sunan Allahn da muke bauta wa, kada ka bari a yi masa allurar nan. Na taɓa ganin wani kare a Jos an yi masa keke da tayoyi a baya, yana gudu har yana bin kaji. Ka tambayi Dakta, ko mai walda zai iya haɗawa. Ka riƙe mini shi ko a kwance ne. Shekara ba nisa. Ina so in yi masa magana ko sau ɗaya, ya san ban yar da shi ba.

Na san na ɗora maka abin da ba naka ba. Ka gode mini wa Kawu da bargon. Ka rubuto mini ko ya fara ci.

'Yar'uwarka,
Martina

Kafanchan

Martina,

Ina gaisuwa. Gida lafiya. Na kai saƙonki ga Alhaji, ya ce a ba ki haƙuri.

Wasiƙarki ta yi kwanaki a aljihuna ban amsa ba. Zan faɗa miki dalili. Na zauna na tsara yadda zan yi. Wannan watan in ce ya fara ci. Wata mai zuwa in ce mai walda ya haɗa keke, in ba ki labarin yadda ya bi akuyar liman da shi har cikin kwata. Na iya, kin san na iya, kuma wannan karon da kin yarda. Da kin yi shekararki hankali kwance. Har na rubuta rabin shafi, kuma ya yi daɗi. Na yaga.

Kofur ya mutu, Martina. Tun kafin a raba muku wasiƙu.

Bayan na aiko miki waccan na jira Yakubu, ya dawo hannu wofi. Abin da Dakta yake tsoro ya faru. Ƙafafun gaba suka fara rawa, suka saki. Daga nan kai ma ya gagare shi ɗagawa. Numfashinsa ya koma a ciki, kamar mai busa wuta da itacen da ya jiƙe. Romo in na ɗura sai ya dawo ta hanci. Dakta ya ce keke na wanda gabansa ke aiki ne, wannan kuwa shaƙewa ce ta rage, ko yau ko gobe, kuma ba mutuwa ce mai sauƙi ba. Na ce a ƙara jira. Ya ce, "Wa kake jira? Karen ne yake biya."

Ni na ce a yi. Ba Dakta ba, ba Alhaji ba. Na ɗauko 'yar Kagoman nan mai doya, na ce ta faɗa masa duk abin da ake faɗa wa kare idan ya yi abin kirki. Ta durƙusa tana yi masa magana a kunne, ni ina riƙe da kansa a cinyata, Dakta ya nemi jijiya. Kunnensa ɗaya ya ɗan motsa. Ban san me ta ce ba, ban kuma tambaye ta ba, ita ma kuka take.

Ban bari an jefa shi a bola ba. Na naɗe shi a bargon, na ɗaura a babur, na kai shi Kagoma. Maƙwabcinku Kumai ya taimaka mini da haƙa, a gefen gonar Baba Obadiah, ƙarƙashin ɗorawa. Mun jera duwatsu don kada a nome wurin.

Kin ce in yafe miki. Ban ga abin yafewa ba. Wasan ni da ke muka gada, kuma ni na fi cin moriyarsa. Sai dai wasiƙarki ta zo na ga kin ce kada a yi. Tun ranar nake juya maganar. Wani lokaci in ce gara da ba ta iso da wuri ba, don da na bi umarninki ya shaƙe a gabana. Wani lokaci in ce na yanke abin da ba ni da iko a kai.

Don haka abu ɗaya nake so ki rubuto, ko layi ɗaya ne. Da kina sito ranar, kina jin numfashin nan, da kin ce wa Dakta ya dakata? Kada ki lallashe ni, gaskiya nake so. Zan jira ƙarshen wata.

Mijinyawa